Yadda Ake Koyar da Layukan da Ba Sa Haɗuwa Ba Tare da Jini Ya Hau Ba

Malamin firamare na Ƙofar Durbi, sannu da shan ƙurar alli. Idan manhaja ta kawo ka kan darasin layukan faralel, ga shawarwari kyauta, tunda mun san wata ya yi nisa.

Da farko, kada ka buɗe darasi da haddar ma'ana. Kana cewa "layuka ne miƙaƙƙu a shimfiɗa ɗaya waɗanda ba sa haɗuwa har abada", wani ɗan ƙiriniya a bencin baya zai ɗaga hannu ya ce, "Malam, wa ya je ya gani?" Kada ka sa shi kamun kunne, domin tambayar ta girme ka. Kimanin shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), Yuklid na Iskandariyya ya kafa ƙa'idarsa ta biyar a kan waɗannan layuka. Manyan masana irin su Ibnul Haisam da Umar Hayyam da Nasiruddin Ɗusi suka yi ta fafutukar kafa mata hujja, abu ya faskara. Sai a 1829 Lobacebiski na Rasha ya nuna ana iya gina wani lissafin daban ba tare da ita ba. Abin da ya ci wa malamai tuwo a ƙwarya shekara wajen 2,000, ba kai za ka warware shi kafin a tashi tara ba. Ka ce wa yaron "madalla", ka wuce.

Na biyu, ka ba su misalin da suka sani. Layukan faralel kamar mutum ne da surukarsa: ko hanya ɗaya suka bi, kowa na gefensa, ba a matsowa, ba a haɗa ido, tazarar kunya tana nan daga farkon lungu har ƙarshensa. Ajin zai kece da dariya. Bar su su yi, sun riga sun kama zancen: tazarar da ba ta ƙaruwa, ba ta raguwa.

Na uku, ka tura su farauta. Layukan littafin rubutu, gefunan ƙofar aji, matakan tsani, sahun salla idan liman ya tsaya tsayin daka aka daidaita. Amma ka yi hattara da wayoyin lantarki. Waɗannan sun saki ciki, wasu ma sun rungumi juna, kuma abin da ya lanƙwasa ba ya cikin lissafinmu. Haka kunyoyin gonar da aka ba yaro aikin huɗa yana sauri ya tafi ƙwallo.

A nan ne za ka nuna musu cewa ido maƙaryaci ne. Duk wanda ya tsaya a bakin Ƙofar Durbi ya miƙa ido kan titi zai ga gefunan suna tsukewa can nesa, alhali ko motar kaya ta isa wurin wucewa za ta yi. Haka layin dogo yake. Wanda aka ƙaddamar da aikinsa a Fabrairun 2021, daga Kano ya ratsa Katsina zuwa Maraɗi, tazarar ƙarafansa milimita 1,435 ce. Ranar da ƙarafan nan suka yi sha'awar gaisawa, jirgi ya sauka daga layi.

Na huɗu, zane. Ka nemo rula. E, waccan da ke kan teburinka, wadda yara suka fi saninta a tafin hannu. Yau ka bar ta ta yi aikin da aka ƙera ta dominsa. Yaro ya danne ta a takarda, ya ja fensir ta gefen sama, ya ja ta gefen ƙasa. Ka tsaya a kansa ka gani: harshe a waje, yatsu uku a kan rula, yana kaiwa tsakiya rular ta zame, layi ya nufi Jibiya. Zai shafa yawu ya goge, takarda ta huje. Kada ka yi faɗa. Ka nuna masa ya baza yatsunsa a tsakiyar rular, ya sassauta wa fensir. Mai setin lissafi kuma ya jingina sikwaya a jikin rula, ya ja layi, ya zame ta gaba, ya sake ja.

Wanda ba shi da ko ɗaya fa? Tsintsiyar aji tana nan. A karyi tsinke daidai tazarar layukan biyu, a gwada a farko, a tsakiya, a ƙarshe, a tsaye cak ba a karkace ba. Idan tsinke ya shiga daidai a ko'ina, magana ta ƙare. Idan ya yi yawa a wani wuri, layukan suna da alƙawarin haɗuwa, takarda ce kawai ta ƙare musu. Sai dai ka ƙidaya tsinkayen, kada gobe mai shara ya tarar da igiya kaɗai.

Na biyar, ka rufe da abin gida. Muhammadu ɗan Muhammadu al-Katsinawi ya rubuta littafi kan hatimin lambobi a 1732, ya rasu a Alƙahira a 1741. Sa yara su ja layi huɗu a kwance, huɗu a tsaye, gida tara ya fito. Su jera 1 zuwa 9 yadda kowane sahu zai ba da 15. Za su ja layuka takwas ba su san aiki suka yi ba. Ka dai aika wa iyaye cewa aikin gida ne, kada wata kaka ta naɗe shi a fata ta rataya wa jikanta.

Iyaye, rula ba ta kai kuɗin katin waya ba. A saya wa yara, malam ya huta, tsintsiya ma ta huta.