Gidan Hayar Mafaɗata: Yadda Ake Ajiye Kifin Betta Fiye Da Ɗaya

Wanda ya sayi kifin betta guda ɗaya mai sha'awa ne. Wanda ya ƙara na biyu kuwa ya zama mai gidan haya, sai dai 'yan hayar tasa ba sa biyan ko sisi, ba sa gaisuwa, kuma kowannensu ya ci alwashin sai ya ga bayan maƙwabcinsa. In ka riga ka faɗa, sannu da ƙoƙari. In kuma kana tsaye ne gaban mai shago kana haɗiyar yawu a kan wani shuɗi mai jela baza-baza, alhali ga ja can yana jiranka a gida, dakata tukuna kafin ka zaro kuɗi.

Ka fara sanin wanda za ka ba ɗaki. Ɗan ƙasar Tailan ne, kakanninsa na zaune a gonakin shinkafa da fadamu da kududdufai marasa zurfi. Mutanen can sun daɗe suna kiwonsa domin faɗa, ana zuba kuɗi a kai, har sarkin Siyam, wato tsohon sunan ƙasar, ya riƙa karɓar haraji a kan wasan. Wani binciken ƙwayoyin halitta da aka buga a 2022 ya nuna an yi aƙalla shekara 1,000 ana kiwonsa, a 2019 kuma gwamnatin Tailan ta naɗa shi dabbar ruwa ta ƙasa. To, wanda aka shekara dubu ana zaɓo mafi tsiwa a zuriyarsa, sannan aka ɗora masa sarauta a kai, ba nasiharka ce za ta shiryar da shi ba.

Saboda haka maza biyu ba sa haɗa ɗaki. Kada ka ce ai naka tare aka kawo su a mota ɗaya, sun san juna. Da sun haɗa ido za ka ga kowanne ya buɗe murafen kumatunsa, ya baza jela, launinsa ya ƙara turuwa, ya karkata gefe yana nuna wa ɗan'uwansa girman jiki. Abin gwanin kallo, har ka kira yara. Bayan nan sai cizo. A fadama wanda aka kayar yana da ciyawar da zai shige. A tankinka bango huɗu ne na gilashi, sai ka wayi gari jelar da ka saya da tsada ta koma tsumma, in ma an yi sa'a ke nan.

Kowane ɗan haya yana bukatar kusan lita 20 na ruwa, kuma tanki mai faɗi ya fi mai zurfi. Mai shago zai nuna maka su a ƙananan kofuna ya ce ai haka suke so. Abin da ya sa ba su mutu a kofin ba shi ne Allah ya hore musu wata gaɓa a cikin kai da suke shaƙar iska da ita kai tsaye daga saman ruwa, don haka suna jure ruwan da zai kashe wani kifin. Juriya daban, jin daɗi daban. Gaskiya ne masu kiwo a lardin Nakhon Pathom suna jera dubban maza a kwalabe, amma su sana'arsu ke nan, canza ruwa suke wuni yi, garinsu kuma bai san hunturu ba. Kai da ke fita kasuwa tun da safe, bar wa masu kwalba kwalbarsu.

Tsarin gini iri biyu ne. Ko kowa da gidansa, ko dogon tanki ɗaya a raba shi ɗaki-ɗaki: mai lita 40 a yi biyu, mai lita 75 a yi uku. Rabawar ta fi araha, domin hita ɗaya da matatar ruwa ɗaya ko biyu sun ishi kowa. Amma araha ba ta ado. Ruwan ɗaya ne, don haka ranar da na ɗakin farko ya fito da fararen ɗige-ɗige a jiki, ko gefen jelarsa ya fara ruɓewa, ka sani duk gidan ne za a yi wa magani.

Katangar tsakani ita ce ran gidan, a nan ne kuma yawancin masu gida ke yin sakaci. Ta zama mai duhu wadda ba a hangen juna ta cikinta, da 'yan ƙananan huduji don ruwa ya ratsa. Mai sheƙi da ake gani ta ciki takan sa su wuni suna cika baki har su rame, musamman bawan Allah na ɗakin tsakiya da ke da abokin gaba gabas da yamma. Ka tura gindinta cikin tsakuwa, ka duba gefe da gefe, domin duk ratar da kai ka raina shi ya riga ya auna ta. Samanta ya taɓo murfi, ruwan kuma ka sauke shi ƙasa da bakinta da kamar yatsa uku. Betta gwanin tsalle ne, kuma ba ya tsallaka katanga don ya yi barka da asuba. Murfin dole ne ko a gidan mutum ɗaya, in ba ka son ka tsince shi a busashe bayan kujera. In gidaje daban-daban ka jera a kan kanta, saƙala kwali a tsakaninsu.

Sai batun ɗumi. Ɗan hayar nan yana son ruwa tsakanin digiri 25 zuwa 28 a ma'aunin Salshiyas, dare da rana. Za ka ce ƙasarmu ai zafi ne da ita, me za a yi da hita? Bari Disamba ta kama. A Kano ko Damagaram daren hunturu kan sauka ƙasa da digiri 15, balle Jos. Za ka ga mafaɗacin nan da ya addabi unguwa ya lafe a ƙasan tanki, ya tsuke jela, launi ya dusashe, ka zuba abinci ya kalle ka kawai. Sanyi kuma shi ke buɗe wa cuta ƙofa. Lissafin mai sauƙi ne, kusan wat ɗaya ga kowace lita: hita mai wat 25 ga tankin lita 20, mai wat 50 ga na lita 40. Sayi wadda ke kashe kanta in ruwa ya kai zafin da ka saita. Duk da haka kada ka yarda da lambar da ke jikinta, liƙa ma'aunin zafi a kowane gida. A tankin da aka raba, sa hitar kusa da inda ruwa ke motsi, ma'aunin kuma a ɗakin da ya fi nisa, don kada wani ya yi ta gumi wani yana rawar ɗari, alhali duk kuɗin haya ɗaya suke ƙin biya. Kafin ka rage ruwa, zare hitar daga soket; in ta yi zafi a waje gilashinta fashewa yake.

In wuta ta ɗauke da daren sanyi, lulluɓe tankunan da bargo, ka cika gora da ruwan ɗumi ka rufe ta ka sa ta yi iyo a ciki. Maƙwabta za su ga kana rufa wa kifi bargo kai kana kwance da zane. Ƙyale su. A nan babban tanki ya nuna ranarsa, domin ruwa mai yawa ba ya saurin hucewa. Da bazara kuma labarin juyewa yake: in ruwa ya haura digiri 30, janye tanki daga taga, ka ɗan ɗaga murfi ka shimfiɗa raga, fanka ta riƙa busa saman ruwan. Ban da jefa ƙanƙara.

Matata ba don kwashe dattin da ido ke gani kaɗai aka yi ta ba. Kashin kifi da ragowar abinci suna zama amoniya, guba ce. Akwai wasu ƙwayoyin bakteriya da ke zama a cikin soson matata, su mayar da amoniya naitirait, wasu kuma su mayar da ita naitiret mai sauƙin illa, wadda kai za ka riƙa ragewa da canza kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan kowane mako. Waɗannan su ne masu sharar gidan, su kaɗai ne ma ke aiki a cikinsa. Suna ɗaukar mako huɗu zuwa shida kafin su kafu, don haka a ƙa'ida gida yake fara aiki kafin ɗan haya ya tare. Mai gidaje da yawa yana da gata a nan: ɗauko soso daga tsohon tanki mai lafiya ka sa a sabo, ka yanke jiran.

Wace irin matata? Ta soso, wadda famfon iska ke turawa. Mai doguwar jela ba ya iya kokawa da ruwa mai ƙarfi, in ka sa masa babbar matata za ka gan shi manne a lungu yana haki. Famfon iska ɗaya, da siririn tiyo da 'yan makunnai masu raba iska, zai ɗauki tankuna uku ko huɗu, wutar da yake ci kuma ba ta taka kara ta karya ba. Akwai ma masu aiki da batir. Rage iskar har kumfar ta riƙa tashi a hankali. Ranar wanki, ɗebo ruwan tankin a bokiti, ka tsoma soson ka matsa sau biyu ko uku har ruwan ya yi ƙasa-ƙasa, ka mayar da shi da sauran dattinsa. Uwargida mai tsafta za ta so ta kai shi bakin famfo da sabulu. Roƙe ta da girman Allah. Sabulu da kulorin ɗin ruwan famfo suna kashe masu sharar nan gaba ɗaya, shi ya sa sabon ruwa ma sai an ɗiga masa maganin kulorin, an kuma daidaita ɗuminsa da na tanki. Don kada cuta ta yaɗu, kowane gida da ragarsa ta kamun kifi, sabon ɗan haya kuma ya yi mako biyu zuwa huɗu a keɓe kafin a shigar da shi gidan da aka raba.

Za a ce maka matan suna zama tare. Wani lokaci. Sai sun kai biyar ko fiye, a tankin lita 75 zuwa sama, cike da tsirrai da maɓoya, kuma ko a hakan zo mu zauna zo mu saɓa ne. Ajiye ɗaki ɗaya babu kowa saboda ranar da za a koro wata.

Wata safiya za ka tarar da kumfa tare a kusurwar tankin namiji. Ba wanda ya zuba sabulu, sheƙa ce ya gina da bakinsa, aure yake nema. Kada tausayi ya ɗebe ka ka kawo masa mace. Shi ne zai tsince ƙwai ɗaya-ɗaya ya jera a kumfar ya yi gadi, amarya kuma in ba ka ɗauke ta ba kashe ta zai iya yi. Ƙyanƙyasa ɗaya kan ba da 'ya'ya ɗari ko fiye, cikin wata biyu zuwa uku mazan su fara yi wa juna kallon banza, kowanne yana jiran ɗakinsa da hitarsa da sosonsa. Ƙirga soket ɗin da ke falonka tukuna.