Fitilar da ke Gaishe da Awaki

Da kaka ta yi, na sayo fitilar sola mai kama motsi a kasuwar Sabon Gari ta Kano, na kafa ta a garejinmu na Kiru. Garejin dai rumfar kwano ce da babur da buhunan masara ke zaman haya tare. Mai shago ya ce ɓarawo na zuwa za ta tona masa asiri.

Daren farko ta kama sau bakwai. Kowane karo na fito da gora, sai in tarar da akuyar maƙwabci tana duba lafiyar masarata, yanzu ma cikin haske, ba ta ko tuntuɓe. Ashe ɗan idon da ke jikin fitilar zafin jiki mai motsi yake ji, bai san bambancin ɓarawo da bunsuru ba.

Ni kuwa mai gidan, in na tsuguna ina gyaran babur na yi shiru, sai ta ɗauka na mutu, ta ɗauke. Dole in miƙe in riƙa kaɗa hannuwa kamar mai korar tsuntsaye a gonar shinkafar Tudun Wada.

A haka Gwaggo, da ta zo mana daga Doguwa, ta same ni tsakar dare.

"Ɗan nan, lafiya?"

"Fitila nake kunnawa, Gwaggo."

Ta dubi fitilar, ta dube ni, ta ja da baya tana a'uziyya. Da asuba ta aika a kira malam.