Fatihar da na shafa a Bakura

Jiya aka ɗaura auren ƙanena a Bakura, ni ne wakilin ango. Da asuba, ba wuta, na laluba ƙasan adaka na ciro rigar tsamiya ta marigayi mahaifinmu, na zura, muka kama hanya daga Mafara.

An yi siga, an ambaci sadaki, liman ya ce a yi Fatiha. Na saɓa hannun riga a kafaɗa irin na manya, sai na ji kyaaat! Aikin wuya ya yi sallama da uwar riga. Wani gari ya zubo mini a cinya. Na buɗe tafin hannu, ga tsutsar asu a tsakiya, fara sol, ta leƙo da kai daga ɗan kwanson da take ja.

Jama'a na ta amin. Waliyyin amarya na dab da gwiwata, ba damar yarfe hannu ana tsakar addu'a. Ita kuwa ta nufi wuyan hannuna a natse, kamar mai zuwa karɓar goronta. Na hura mata iska a ɓoye, ta ƙara maƙalewa. Liman ya shafa. Kowa ya shafa. Ni ma na shafa, tun daga goshi har gemu, kuma a gemun ta sauka.

Abin haushi, ɗan asun da muke tafa wa hannu in ya gilma a ɗaki ba ya cin komai. Nasa kawai ya saka ƙwai a duhu. 'Ya'yan ne ke cin ulu da siliki da gashi, sun fi son inda gumi ya jiƙa, shi ya sa suka fara da wuya. Ga shi zaren tsamiyar ma tsutsa ce ta saƙa shi.

Ina dafe da riga wani dattijo ya jawo ni gefe. Na zaci zai ce kafur, ko shanya a rana. Ya sa yatsa ya cire mini baƙuwar daga gemu, ya ajiye ta kan tabarma a hankali.

"Ɗana, wanga abu yunwa ta. Ka aje mai tsohon bargo kusa ga adaka. In ya ƙoshi, mi zai kai shi ga riga?"

"To Baba, in ya cinye bargon fa?"

"Kai da ke Mafara? Ranar Talata ka sawo wani."