Bakina a Gayya, Hannuna a Aljihu

Na daɗe ina koyar da Turanci a makarantar sakandare, kuma duk cikin darussa babu wanda nake zaƙewa a kansa kamar karin maganar Turawa kan haɗin kai. Ranar da za mu yi shi har babbar riga nake sawa. In tsaya gaban allo in rubuta wanda ke cewa yawan hannu na sauƙaƙa aiki, in bi shi da na kai biyu sun fi ɗaya, sannan in juyo in shaida wa yara cewa waɗannan ba na jiya ba ne, domin John Heywood, wani marubucin wasan kwaikwayo a fadar Sarki Henry na Takwas na Ingila, ya tattara su a littafi tun 1546. Yara su duƙa su rubuta 1546, ni kuma in gyara zaman hula. In na ga aji ya yi tsit, sai in ƙara musu da taken jihar Kentucky ta Amurka, wanda ke kan hatiminta tun 1792, cewa a haɗe ake tsayuwa, a rarrabe ake faɗuwa.

Abin da ban taɓa koya wa yaran ba shi ne amfanin da nake yi da waɗannan maganganu bayan an kaɗa ƙararrawar tashi.

Turawa sun yi mini gata babba. Mutanen da suka ce yawan hannu na sauƙaƙa aiki, su ne kuma suka ce in masu girki sun yi yawa miya lalacewa take. Ni kuwa sai na sa ɗaya a aljihun dama, ɗaya a na hagu. In takardun jarrabawa suka taru a teburina, sai in shiga ɗakin malamai da fara'a in zaro na dama, kafin a ankara ɗan bautar ƙasa ya kwashi rabi. In kuwa wani ne ya nemi a taya shi jera kujeru ranar taron iyaye, sai in yi ajiyar zuciya in zaro na hagu, kamar mai tausayin kada aikin ya ɓaci. Akwai ma wani na zamani da masu horar da ma'aikata ke so, wai kalmar da ake kiran ƙungiya da ita a Turanci ba ta da harafin da ke nufin "ni". Na kan faɗe shi a taro a yi mini tafi, alhali na riga na duba tamu ta Hausa na kwantar da hankalina: ga n, ga i, g kaɗai ya shiga tsakaninsu.

Asirina ya tonu ne a gayyar yashe kwata ta unguwarmu. Mai unguwa ya yi sanarwa bayan sallar Isha'i cewa damina ta ƙarato, magudanar ruwa ta toshe da leda da yashi. Wa ya fara miƙewa? Ni. Na yi jawabin da ya kusa cinye rabin awa, na fassara karin magana huɗu, har wani ya yi kabbara. Ranar Asabar da hantsi na fito da aron shebur. Na tarar samari sun shiga ciki har gwiwa, wasu na ja da manjagara, wasu na tura baro, wari kuwa ba a magana. Na leƙa, na ƙidaya kawuna, na ga lallai masu girki sun yi yawa. Sai na kafa shebur a ƙasa na jingina da shi, ina nuna inda ya kamata a fara.

Wani dattijo mai sayar da goro, wanda ya girmi mahaifina amma ya naɗe wando ya shiga taɓo, ya ɗago ya dube ni.

"Malam, su Turawan nan naka, in kwatarsu ta toshe, karin maganar suke turawa ciki?"

"Baba, ai tsara aiki ma aiki ne."

"Haka ne. To ka riƙe shebur ɗin da kyau, kada ya faɗi."

Da azahar mata suka aiko da dafa-duka a manyan faranti. Nan fa na tuna da namu na gida, hannu da yawa maganin ƙazamar miya, wanda a ganina ya fi na Turawa hikima, tunda su tsoron yawan hannu suke a wajen girki, mu kuwa mun san inda yawan hannu ke da rana. Ni na fara kai hannu buta. Dattijon ya ce, "Bar ruwan ga masu bukata, Malam, naka hannun tun safe a wanke yake." Aka bushe da dariya. Na taya su, na kuma ci sosai.

Na sha tambayar kaina abin da ya sa na fi fakewa da na Turanci. Dalilin bai da daɗin faɗi. In na ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, duk wanda ya tashi a ƙauye ya san yadda ake ɗaga jinka a ɗora kan ɗaki, ya kuma san in gefe ɗaya ya karkata, ba a neman mai laifi da fitila. Karin maganar Hausa tana zuwa da shaidunta. Ta Turanci kuwa ni kaɗai ke riƙe da igiyarta a unguwa, in ja ta inda nake so, in aka matsa mini in ambaci shekara. Na manta cewa gayya rance ce, kuma mutane na riƙe da lissafi ko ba su rubuta ba.

Cikin watan Agusta ruwa ya kwana yana zuba, katangar bayan gidana ta zube. Na bi gida-gida ina zaro na aljihun dama. Washegari samari uku suka zo, cikin fararen kaya, suka tsaya hannu a baya suna jajanta mini. Ɗayansu tsohon ɗalibina ne, wanda na taɓa ba maki tamanin a wannan darasi. Na miƙa masa shebur, ya russuna cikin ladabi ya ce, "Ranka ya daɗe, muna tsoron kada masu girki su yi yawa."

Leburori na ɗauka, da magini, kuɗin da na tanada na ragon suna ya tafi a bulo da siminti. Mai ɗakina ba ta ce uffan ba sai ranar da aka gama, tana miƙo mini shayi ta tambaye ni ko mutumin nan na 1546 ya aiko da gudummawa.

Mako mai zuwa ne darasin zai sake zagayowa ga 'yan aji huɗu. Na riga na kai babbar rigar wajen mai guga.