Injin da Ya Mayar da Ni Mai Goge Kwano

Duk wanda ya ce maka namiji ba ya wanke-wanke, tambaye shi ko ya taɓa zama da iyali a Turai. Can babu almajiri, babu 'yar aiki, babu ƙanwar mata da za a turo maka daga gida. Daga kai sai matarka sai tulin kwanuka. Shi ya sa ranar da muka je duba gidan haya a gabashin Landan, ina hango injin wanke-wanke a maƙale a ƙarƙashin kantar kicin na ce a kawo takarda in sa hannu. Ko banɗaki ban leƙa ba.

Mun daɗe a gidan ba a taɓa injin ba, domin uwargida ta ce ita wankin da ba ta ga soso a ciki ba, ba wanki ba ne. Sai da ta haihu, Hajiya mahaifiyarta ta taso daga Zariya don wankan jego, 'yan barka suka yi ta sintiri, kwanuka suka fi ƙarfin kowa. Nan na miƙe a tsakiyar falo na yi shela cewa daga yau wanke-wanke ya dawo hannuna. Hajiya ta sunkuyar da kai ta ce, "Allah ya yi albarka." Ba ta san akwai wanda na dogara da shi ba.

Bayan sallar isha'i na loda masa kaya: farantai, kofuna, cokula, tukunyar miya, da robobin ayis kirim ɗin nan da matanmu ba sa yarwa, waɗanda suke zuba miyar kuka da miyar taushe su jera a firiza. Har muciya na ɗauka zan saka, Hajiya ta aiko a karɓe ta, ta ce da ita ta hau jirgi kuma da ita za ta koma. Na duba maɓallai, na ga wani mai lamba 50 da aka ce shi ne mai tsimin wuta. Wanda ya ga takardar kuɗin lantarki a Ingila tun daga 2022 ba sai an yi masa wa'azi ba. Na danna. Inji ya yi ta gurnani har kusan awa huɗu.

Da ya yi shiru na kira su su zo su ga aiki. Na buɗe ƙofa, tururi ya rufe min tabarau, na laluba na finciko kwandon sama. Ashe kowane kofi da na kife yana ɗauke da ɗan tafki a gindinsa. Ruwan ya zubo gaba ɗaya a kan farantan ƙasa, waɗanda su kaɗai ne suka ɗan bushe. Robobi kuwa sharkaf, kowace tana ɗiga.

Hajiya ba ta yi min magana kai tsaye, kunyar surukuta. Sai ta juya wajen 'yarta ta ce, "Ki tambayi maigidan naki, shi injin wankewa aka sa shi ko jiƙawa?"

Washegari na shiga bincike. Tunanina na farko shi ne hita ta ƙone, irin sandar nan da muke tsomawa a bokiti lokacin sanyi. Na kwanta rub da ciki a kan tayil, na cusa kai cikin inji da fitilar waya ina neman sanda. Babu ita, babu alamarta. Abin da na samo shi ne matatar da ke ƙasa, wadda na murɗe na ciro da ƙashin kifi, da ƙwayoyin shinkafa, da wani abu da har yau ba mu yi ittifaƙi a kan ko mene ne ba. Na wanke ta tas na mayar. Wari ya tafi, ruwa yana nan.

Sai na lura da wata 'yar fitila ja da ke ci a jikin ƙofa. Littafin injin ya ce gishiri yake nema. Ruwan Landan yana da nauyi, domin ta cikin duwatsun alli yake biyowa, shi ya sa cikin butar shayi yake yin farin ɓawo. Injin yana da wani ɓangare da ke tausasa ruwan, shi kuma gishiri ne abincinsa, amma nasa daban, mai manyan ƙwayoyi, ba na miya ba. Na sayo na ɗura masa. Hajiya tana zaune tana jan carbi ta ce wa uwargida, "To tunda har gishiri yake ci, a ƙara masa daddawa mana." Farin dabbare-dabbaren da ke jikin kofunan gilashi ya ɓace. Robobi dai suna nan jiƙe.

A nan ne wani abokina da ke Manchester ya shigo maganar. Kowa yana da irin wannan abokin, wanda bai taɓa cewa bai sani ba. Ya ce min matsalar maiƙo ce, sabulun inji ba ya iya man ja, in ɗan tsiyaya sabulun ruwa na wanke-wanken hannu a ciki. Na tsiyaya. Hannuna kuma ba ya rowa.

Ina falo ina rarrashin jaririya sai na ji uwargida tana salati. Kumfa ce take fitowa ta ƙarƙashin ƙofar inji, fara sol, a hankali, ba ta gaggawa. Ta cinye tabarmar kicin, ta zagaye buhun shinkafa, ta nufi dardumar falo. Sabulun inji da gangan ake yin sa ba ya kumfa, shi kuwa na hannu kumfar ce tallarsa, ga fankoki biyu a ciki suna kaɗa shi da ƙarfi. Na kashe inji, na naɗe wando, na shiga kwasa da kwanon sha. Tawul ɗin gidan kaf sai da suka ƙare, har da wanda aka kawo wa jaririya na barka. Hajiya ta leƙo, ta dubi kumfa, ta dube ni tsamo-tsamo, ta ce, "Garin neman gira." Ba ta ƙarasa ba ta koma ɗaki. Abokin nawa da na kira shi cewa ya yi ai ɗigo ɗaya yake nufi.

Daren nan barci ya ƙi zuwa, na shiga intanet ina neman wanda ya ƙirƙiro wannan fitina. Ashe mace ce, Josephine Cochrane, mazauniyar jihar Illinois a Amurka. A 1886 aka ba ta takardar mallakar fasahar, ta kuma baje injin a babban bikin baje koli na Chicago a 1893. Dalilinta shi ne masu aikinta suna yawan ɓantare mata farantan tangaran masu tsada. Na karanta wannan na wuce, ban san amsar da nake nema ce a gabana ba.

Mai gidan hayar ya turo mai gyara, wani dattijon Bature mai jakar kayan aiki da ko zif ɗinta bai buɗe ba. Ya sa na kunna inji a lamba 70, ya tafi wani aikin, ya dawo daidai lokacin da ya gama. Ya ɗauko farantin tangaran ya ɗora min a hannun dama. Na kusa sakinsa don zafi, kuma a bushe yake ƙayau. Ya ɗauko robar miyar kuka ya ɗora min a hagu. Ɗumi-ɗumi kawai, ruwa kuwa ɗigo-ɗigo.

Bayanin da ya yi min gajere ne. Yawancin injinan Turai ba su da sandar da ke gasa kwanuka, shi ya sa na sha kwanciya a banza. Ruwan ɗauraya na ƙarshe ne yake zuwa da zafi sosai, kwanuka su ɗauki zafin, ruwan jikinsu ya tashi ya zama tururi, ya je ya kwanta a bangon ƙarfe da ya riga su hucewa, ya gangara ƙasa, kamar yadda murfin tukunya yake tara gumi. Tangaran da gilashi da ƙarfe suna riƙe zafi, sai su busar da kansu. Roba ba ta riƙewa, nan da nan ta huce, ruwa ya zauna a kanta. Lamba 50 da nake dannawa don tsimi kuwa ta ƙara rage zafin da dama bai isa ba.

Sannan ya ɗaga wani ɗan murfi kusa da gidan sabulu, wanda ni duk zatona ado ne. Wurin zuba ruwan ɗauraya ne, wani shuɗin ruwa da ke hana ruwa dunƙulewa, ya sa shi ya zame daga jikin kwano. Namu a bushe yake, shi kaɗai ne busasshen abu a cikin injin. Ya ce in cika shi, in riƙa karkata kofuna, in daina cusa cokula cikin juna, in ɗan buɗe ƙofa idan an gama, kuma in fara kwashe kwandon ƙasa kafin na sama. Na ce to robobi fa? Ya miƙo min tsumman da ke rataye a jikin murhu. Da yake ba a sami lalacewa ba, kuɗin zuwansa a kaina ya faɗa. Na yi lissafinsa da naira sau ɗaya, ban sake ba.

Na kai wa uwargida shawarar a zubar da robobin a sayi kwanukan gilashi masu murfi. Ta tambaye ni ko ni zan riƙa bin gidajen mutane ina karɓo su idan an kai musu miya. Magana ta mutu a nan.

Yanzu farantai suna fitowa a bushe, kofuna suna ƙyalli. Ni kuma kullum bayan isha'i ina tsaye a kicin da tsumma a kafaɗa, ina goge robobi ɗaya bayan ɗaya. Hajiya kafin ta koma ta ce a Zariya kwando da rana ne suke wannan aikin, kuma ba a taɓa ba su gishiri ba. Kai da kake shirin sayen injin nan, fara shiga kicin ka ƙirga robobin gidanka. In sun fi farantan tangaran yawa, ka haɗo da tsumma mai kauri.