Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa ga Rikodar DVD ta Falona

Zuwa ga Hajiya Rikoda, mazauniyar ƙarƙashin talabijin.

Da na tambaye ki ya gajiya, to amma ban ga aikin da kika yi ba. Na zaɓi in rubuto miki ne saboda duk lokacin da na yi miki magana da rimot, sai ki yi shiru kina ƙifta ido kamar amaryar da aka kai ɗaki jiya.

Kin tuna ranar da na haɗa ki da tsohuwar bidiyo don mu kwashe kaset ɗin bikin ƙanwata? Awa biyu cur kina gurnani, jar fitilarki a kunne. Na ɗauki faifan na kai gidan Inna, aka tara 'yan'uwa, aka shimfiɗa tabarma, na'urarsu ta haɗiye shi ta ce babu komai a ciki. Ranar na sha dariya har wajen jikoki.

To, laifi tudu ne. Mai gyara ya ce wannan nawa ne: faifan DVD-R sai an shiga cikin tsarinki an rufe shi bayan an gama ɗauka, in ba haka ba ke kaɗai za ki iya karanta shi. Na karɓa. Amma fisabilillahi, Hajiya, da kika ga na danna maɓallin fitarwa, me ya hana ki ce, "Malam, ba ka rufe ba"?

Sai batun tsirfarki a kan abinci. Ni a wurina faifai faifai ne, kowanne na cin gigabait 4.7. Ashe akwai mai alamar ragi, akwai mai alamar tarawa, gida biyu ne da suka daɗe suna kishi, ke kuma 'yar gida ɗaya ce. Ko a cikin 'yan gidanku ba kowa kike kulawa ba. An ƙera ki a zamanin faifai mai gudun 4x, yanzu kasuwa ta cika da mai 16x, kina ganinsa sai ki ɗaure fuska. Kowane faifai yana ɗauke da lambar masana'antarsa, in ba ta cikin waɗanda aka karantar da ke, sai ki yi rubutun da ka. Faifai goma na saya a leda, masu arha, bakwai yanzu yara na rataye su a keke.

Na kuma yarda na zalunce ki da na saita ki a tsarin awa shida a faifan da awa biyu ce daidai cikinsa. Shi ya sa fuskar ango ta fito kamar an gina ta da bulo.

Inda nake tausaya miki shi ne ido. Mai gyara ya buɗe ki ya nuna min ƙurar hunturu kwance a kan ɗan gilashin nan, ya goge da auduga. Ya ce rubutu ya fi karatu cin ƙarfin haskenki, domin ƙona rinin da ke jikin faifai kike yi, don haka in tsufa ya zo rubutun ne ke fara lalacewa, karatu ya biyo baya. Wato kina iya nuna min fim lafiya lau alhali ba ki iya ɗaukar minti goma. Ni ma da tabarau nake rubuta wannan, ba zan yi miki gori ba.

Abin da ban yafe ba shi ne tafsirin azumin bara. Na saita ki ƙarfe tara na dare, aka ɗauke wuta da la'asar, agogonki ya koma sha biyu yana walƙiya. Na dawo daga tarawihi na same ki kina barci.

Yanzu dai na sauke dikoda daga kanki don ki sha iska, na sayo sitabilaiza, na samo faifai irin wanda kike so, ina goge shi daga tsakiya zuwa baki kamar yadda aka koya min. Ranar Asabar akwai kaset ɗin sunan ɗan fari. Idan kika sake watsa min ƙasa a ido, mai jari bola yana wucewa ta layinmu duk Lahadi da hantsi, kuma ya riga ya taya.

Naki,
Mai biyan kuɗin wuta.