Wasa 162, Hali Iri-Iri

Shekarar 2024 na yi ta ne a unguwar Bronx ta birnin Niyok, a gidan wana mai tuƙin tasi. Unguwar akwai 'yan uwanmu da dama, 'yan zangon Kumasi da na Akkara da mutanen Nijar, har ka fito daga masallaci ka ji ana gaisawa da Hausa. Amma sarautar unguwar tana hannun ƙungiyar Yankees. Filin wasanta na bakin titi na 161, jirgi mai lamba 4 yana bi ta gefensa, kuma ranar wasa sai ka ga jama'a na ɗunguma kamar ana hawan sallah.

Wasan sunansa besbol. Mutum guda ya wurgo ƙwallo mai tauri wadda ba ta fi lemo girma ba, wani ya tare ta da kulki. In ya maka ta ta tsallake katanga, sai ya zaga turaku uku a tsanake ya dawo inda ya tashi, wannan shi ne homron. Sauran dokokin, Yaya ya yi ta bayani har ya sallama ni. Ƙungiyoyi 30 ne, kowace tana buga wasa 162 daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Satumba, kusan kullum ke nan. Abin da ake yi kullum kuwa ba ya barin hali ya ɓuya. Makarantata ita ce shagon askin wani mutumin Dominika a ƙasan benenmu, inda talabijin ba ta hutawa. Ga ɗaliban da na tarar a ajin.

Bana-Tamu-Ce

Shi yake fara fitowa, tun watan Fabrairu, ƙanƙara na ƙasa, 'yan wasa sun tafi Florida da Arizona motsa jiki. Wani yaro zai buga homron guda a wasan da ba a ƙirgawa, sai Bana-Tamu-Ce ya shigo shago yana shelar an samu magajin Babe Ruth, tsohon gwarzon Yankees. Ba a ga watan azumi ba, shi har ya karɓo ɗinkin sallah. Da an shiga Afrilu aka yi kaye uku a jere, sai ka same shi ya zabga tagumi: "An gama. A kori koci, a sayar da filin." A Afrilun 2024 hannun Aaron Judge, kyaftin ɗin Yankees, ya yi sanyi, har 'yan kallo suka yi masa ihu a gida. Mutuminmu ya ce tsufa ne ya kama shi. Judge ya ƙare kakar da homron 58. Ran nan aka ji shi yana tambayar mai aski: "Ɗan uwa, wa ya ce muku ku yi haƙuri da yaron nan in ba ni ba?"

Malam Lissafi

Bai taɓa riƙe kulki ba, amma ya san nauyin kowane. A besbol, wanda ya samu ƙwallo sau uku cikin goma gwarzo ne, wato sana'a ce da za ka faɗi sau bakwai a goya ka a kafaɗa. Daga wannan ɗan lissafi Malam ya gina bene. Ka ce masa ina kwana, ya gaya maka yadda wane yake yi in ya haɗu da majefi bahago, da daddare, a filin baƙi. Allonsa littafin Moneyball ne na Michael Lewis, wanda ya fito a 2003, mai labarin yadda ƙungiyar Oakland ta yi gogayya da masu kuɗi da ƙarfin alƙalami. Sau ɗaya muka je fili tare. Aka buga homron, fili ya ɗauka, mutane na rungumar waɗanda ba su sani ba, shi kuwa kansa na cikin waya. Da ya ɗago sai ya ce, a bisa lissafi, wannan ƙwallo bai kamata ta fita ba. Ya koma gida ransa a ɓace, ga shi ƙungiyarsa ce ta ci.

Dillali

Watan Yuli kasuwarsa ke ci, don a ƙarshensa ko farkon Agusta ake rufe musayar 'yan wasa. A 2024 an rufe ranar 30 ga wata, ƙarfe shida na yamma. A can galibi mutum ake bayarwa a karɓi mutum, kuma ɗan wasa na iya kwana ɗan Miami ya wayi gari ɗan Niyok. Dillali ba ya barci. Yana da "wani na ciki" da ke ba shi labari, wanda daga baya muka gano surukinsa ne mai sayar da gyaɗa a ƙofar fili. Tsakar dare yake buga waya gidan rediyo da tayinsa: a ba da 'yan benci uku a karɓo majefin da ya fi kowa. Irin mai kai tsohuwar akuya kasuwar Wudil yana sa ran dawowa da bijimi. Da Yankees suka ɗauko Jazz Chisholm daga Miami, ya ce shawararsa aka bi.

Ranar wankansa ta zo a Disamba. Juan Soto na Yankees, ɗan Dominika, wanda mai aski ya liƙa hotonsa a saman madubi, ya tattara ya koma Mets, maƙwabta na unguwar Queens, kan dala miliyan 765 na shekara 15. Mai aski ya ɓare hoton bai ce uffan ba, sai shatin gam ya rage a bango. Dillali kuwa ya yini yana tsinuwa: butulu, maci amana, bawan kuɗi. Wani ya tuna masa cewa shi ma a bazara ya bar wurin aikinsa saboda ƙarin dala biyu a awa. Ya ce wannan daban.

Ɗan Canfi

Kafin in je, na ɗauka canfi namu ne mu kaɗai. Ashe mu almajirai ne. In majefi ya yi nisa a wasa ba wanda ya ci shi, haramun ne a ambata, ko abokan wasansa gudun sa suke a benci kada bakinsu ya suɓuce. In ana neman farfaɗowa, sai a juya hula ciki ya koma waje. Ɗan Canfi namu, in ƙungiya na cin wasa a jere, ba ya wanke rigarsa, kuma duk shagon ya shaida.

Kada ka yi masa dariya, yana da tarihi a aljihu. Boston ta sayar wa Yankees Babe Ruth a ƙarshen 1919, ta zauna ba kofi daga 1918 har 2004, shekara 86. A Shikago, an kori wani mai mashaya da bunsurunsa daga filin Cubs a 1945, aka ce ya yi musu baki. Kofin da suka ɗauka a 1908, ba su sake ba sai 2016. Shekara 108, jika ya gaji jiran kaka. Ni kaina na ɗanɗana. Wata rana na tashi in kama ruwa, ina fita Yankees suka ci. Ina dawowa na tarar da shi ya tokare ƙofa. "Ɗan uwa, don Allah koma," in ji shi. Na ƙarasa wasan a tsaye a bakin titi, da rabin aski a kaina.

Jiya-Ta-Fi-Yau

Dattijo ne ya haura tamanin, haifaffen Brooklyn. Ƙungiyarsa, Dodgers, ta yi ƙaura zuwa Los Angeles bayan kakar 1957, kuma har yau bai fita takaba ba. Shekaru ya yi yana ƙorafin wasa ya cika tsawo. A 2023 aka sa agogo, majefi ya wurga cikin daƙiƙa 15 in ba kowa a turke, wasa ya ragu da minti ashirin da wani abu. Sai ya ce an mai da besbol tseren keke. Zai gaya maka Cal Ripken ya buga wasa 2,632 a jere bai yi fashi ba, yaran yanzu farce ya karye sai hutun mako biyu. In kana son shagon ya kama da wuta, ka ce Barry Bonds ne sarkin homron da 762. Baba zai dogara sandarsa ya miƙe: shi sarkinsa Hank Aaron ne mai 755, don Bonds zargin ƙwayar ƙara ƙarfi na bin sa. Mai aski ya sa doka: ba a wannan magana in aska na wuyan mutum.

Mafarauci

Ya ba hamsin baya, amma da safar kama ƙwallo yake zuwa fili kamar ɗan firamare. A besbol ƙwallon da ta faɗa cikin 'yan kallo ta wanda ya kama ce, kuma in ta tarihi ce, arziki ne. Wadda Judge ya buga ta 62 a 2022 an yi gwanjonta dala miliyan ɗaya da rabi. A Satumban 2024 Shohei Ohtani, ɗan Japan, ya zama na farko da ya haɗa homron 50 da satar turke 50 (wato rugawa turke na gaba ba tare da an maka ƙwallo ba) a kaka guda. Ƙwallon ta 50 ta haura dala miliyan huɗu, masu cewa su suka fara damƙar ta kuma suka ɗunguma kotu. Mafarauci ya riga ya kashe nasa rabon a zuci: gida, mota, da jari ga matarsa. Abin da ya taɓa kawowa gida shi ne ƙullutu a goshi. Wasu 'yan kallo biyu irinsa sun wuce gona da iri a wasa na huɗu na gasar ƙarshe ta 2024 tsakanin Yankees da Dodgers, suka riƙe hannun Mookie Betts na Dodgers suka ɓamɓare ƙwallo daga safarsa ana cikin wasa. Aka yi waje da su.

A-Bi-Yarima

Ba a ganinsa sai Oktoba, in ƙungiya ta kai gaci. Hularsa sabuwa fil, ko takardar kanti bai cire ba. Ya fi kowa ihu, sannan ya sunkuyo ya tambaye ka: "Wanne ne Judge ɗin?" Daren 30 ga Oktoba Yankees na gaba da 5 da nema, sai Judge ya saki ƙwallon da ko yaro zai kama, gini ya rushe, Dodgers suka ci 7 da 6 suka ɗaga kofi a tsakiyar Bronx. Shagon ya yi tsit kamar gidan makoki. Da safe ga A-Bi-Yarima da shuɗiyar hula, wai dama kakarsa 'yar Los Angeles ce.

Damo

Shi kaɗai nake tunawa da girmamawa. Mutumin Shikago ne mai raba wasiƙu, ɗan White Sox, ƙungiyar da ta sha kaye 121 a 2024, abin da ba a taɓa gani ba tun shigowar ƙarni na 20. Kullum da hularsa, kullum yana sauraron wasa. In an zolaye shi sai ya yi murmushi ya ce, "Gobe ma akwai wasa." Sarkin haƙuri ke nan.

Mai Hula

Wannan a gida na same shi. Ina sauka Kano na fara ganin hular nan mai N da Y a sarƙe, a kan direban adaidaita, a kan ɗan dako a Kantin Kwari, a kan ango a wurin ɗaukar hoto. Na tambayi wani saurayi ma'anarta, ya ce harufan sunansa da na babansa ne. To, Mai Hula, ga abin da ke kanka. Hular Yankees ce. Ƙungiyar ta ɗauki kofi 27, ba wadda ta kamo ta, sai dai rabonta da shi tun 2009, kuma rabin Amurka ba sa ƙaunar ta. Ka sa hularka, ba wanda ya hana. Amma in wata rana wani ɗan Boston ya harare ka a filin jirgi ba gaira ba dalili, kada ka ce ban gaya maka ba.